Rodin Magini a Tulin Taki

Filin da ke bayan kicin bai wuce taku goma ba, amma a kansa Nas da mijinta suka daɗe suna ja-in-ja. Ita tun da ta ajiye aikin asibiti lambu take so. Shi kuwa tsohon magini ne, in ya ga ƙasa tsirara sai hannunsa ya hau ƙaiƙayi. Har rodi takwas ya sayo ya jingina da katanga.

"Shekara ɗaya na ba ki," ya ce, yana buga wani tsohon daro da ƙafa. "In ba ki cika wannan da tumatir ba, siminti zan kwarara a wurin, kowa ya huta."

Ƙasar kuwa jangargari ce, fartanya ma tsalle take yi a kanta. Da ƙyar Nas ta yi dashen tumatir, sannan ta tura baro zuwa bargar dawaki da ke ƙarshen layi. Ba ta tarar da kowa ba sai tulin kashin doki a bakin ƙofa yana tururi. Ta lodo abinta, ta zuba shi a gindin dashenta ba ƙaƙƙautawa.

Kwana huɗu ganyen ya ƙone ƙurmus. Mako biyu ciyawa ta fito shar, ta rufe wurin.

"Madalla, Uwar yara!" in ji Magini, yana dariya har da riƙe ciki. "Yanzu saura ki sayo dokin."

Maganar ta yi mata zafi, ba kaɗan ba. Ta shige ɗaki ta share hawayenta, don kada ya gani ya ƙara samun abin faɗa. Washegari ta koma barga, ta iske dattijon da ke kula da dawakin yana musu shara.

"Ɗanye kika zuba? Haba baiwar Allah! Doki ai ba saniya ba ne, ba ya tuƙa. Yadda ƙwayar ciyawa ta shiga haka take fita, da ranta. Ki tula shi da busasshen ganye, ki yayyafa ruwa, ki bari ya yi zazzaɓi ya dafa ƙwayar. Sai ranar da zazzaɓin ya sauka zai yi miki amfani."

Zazzaɓi? To, an zo gidan. Matar da ta shekara talatin tana fama da shi a jikin mutane, na tulin taki ne zai gagare ta? Abin awo kawai ta rasa. Ta dubi katanga, ta zaro rodi ɗaya ta soka a tsakiyar tulin. Kullum da safe sai ta zare ta taɓa da bayan hannu. Rana ta uku sai da ta yarfe yatsu don zafi.

"Yaya mai jikin?" Magini ya kan tambaya daga kan kujera.

"Da sauƙi, Malam. Ka dai yi ta addu'a."

Duk mako sai ta juya tulin da shebur, ƙugunta yana kuka. Wata huɗu rodin ya fito da sanyi, takin ya yi baƙi ya yi laushi, yana ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko. Ta cuɗa shi da jangargarin, ta sake dashe.

Kai, tumatir ya ce ga ni nan! Rassa suka yi nauyi har suna kwanciya. Nas ta kafa rodin nan ta ɗaure su da tsumma, ta ƙara wani, ta ƙara wani, har katanga ta zama wayam.

Saura kwana tara wa'adi ya cika ta dire daron a gabansa, cike har yana zuba. Ta koma ta kawo bokitin wanki, shi ma fal. Ranta fari ƙal, ta riƙe ƙugu tana jira.

Magini ya leƙa daron, ya leƙa bokitin. Ya tashi ya zagaya lambun, ya girgiza rodi ɗaya, ya yi tsaki. Ya shiga ɗaki ya fito da waya da filaya.

"Wa ya koya miki ɗaurin rodi da tsumma? Matsa ki ga aiki."

"To daɓen fa, Malam?"

"Wane daɓe? Ɗauko min baron nan, kada wani ya riga mu zuwa barga."