Littafin Rumfar Bakin Hanya

Na saki hannun Baba ne don in sayo masa shayi. Da na dawo, babu kowa a bencin da na bar shi.

Ƙarshen Afrilu ne, kaka ta shigo, ganyen bishiyar fagus ya yi rawaya a kan duwatsu, rabin mutanen Hobart sun zubo gandun dajin kallon ganye da ruwa. Shekara talatin Baba ya yi yana gyaran hanyoyin dajin nan. Yanzu ko sunana ba ya riƙewa.

Yayana Darcy ya iso daga wajen mota. Shi ya yi jinyar Baba duk shekara taran da na yi ina karatu a Edinbara.

"Minti nawa kika bar shi?"

"Biyar."

"Sannu, Dokta. A can ba a koya muku riƙe hannu ba?"

Magangarar ruwa ta ƙasa cike take da masu ɗaukar hoto. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya: tsoho, shuɗiyar hula, ba rigar sanyi. Rigar tana hannuna. Ƙarar ruwa ta haɗiye kiran da nake yi. Hanya uku ce ta tashi daga wurin, ƙarfe uku da rabi ta gota, kuma an ce ƙanƙara za ta sauka kafin faɗuwar rana.

"Kira masu ceto," na ce.

"Na kira. Sai nan da awa biyu, kuma tambayarsu ɗaya: wace hanya ya bi?" Ya juyo ya dube ni. "Kin duba littafin?"

A rumfar bakin hanya akwai littafin da mai shiga daji ke rubuta sunansa, inda ya nufa, da su nawa ne. Da safe na wuce shi, na ce aikin tsofaffi ne, kowa na da waya.

Rubutun Baba ne a layin ƙarshe, a miƙe kamar da. M. Triffitt. Magangarar sama. 2:50. Mutum biyu.

"Biyu?"

"Shi da Mama," in ji Darcy.

Mama ta rasu ina shekara ta uku a can. Ban zo jana'iza ba.

Matakala ɗari biyu da wani abu ce zuwa magangarar sama. Na hau da gudu, na faɗi sau biyu. Na same shi jingine da ƙarfen kariya, feshin ruwa ya jiƙa shi sharkaf, haƙoransa na kaɗawa. Na sa masa rigar.

"Noelene, kin daɗe," ya ce. Sunan Mama ke nan.

"Na daɗe."

Muka sauko da shi a hankali, ni da Darcy. A rumfar ya ƙi wucewa sai da aka ba shi biro. Ya duba agogo, ya cike gurbin lokacin dawowa. Ya ƙirga mu da yatsa, ya soke biyu, ya rubuta uku.