Maginin Rumbu da Akurkin Zara'u

Duk ƙasar Urafan, in ana zancen ginin rumbun laka, sunan Ɗan Baba ake fara kamawa. Shekara ashirin yana yi ba a taɓa cewa ga rumbunsa ya tsage ba, kuma shi ma ba ya bari a manta. Abu guda Allah ya hana shi: kunnen jin shawara, balle ta mace.

Matarsa Zara'u kuwa kaji take kiwo. Kaji biyu suka ƙyanƙyashe mata ƴan tsaki ashirin da huɗu, shirwa ta mai da gidan wurin kalacinta, kafin sati ya zago saura sha takwas.

"Maigida, akurki nike so," in ji ta. "Ɗan ƙarami, tsayin gwiwa. Ƙofa daidai kaza, sama a bar kafar iska kamar faifai. Mu mata daga waje muke ɗora shi."

"Daga waje!" Ɗan Baba ya yi tsaki. "Shi ya sa naku ke zubewa da ruwan fari. Gini daga ciki ake yin shi, a shafe shi sumul. Ke dai kawo ruwa."

Ya kwaɓa laka da ƙaiƙayi, ya ja da'ira, ya shiga tsakiya kamar yadda ya saba da rumbu. Kwana uku yana ɗorawa rana tana gasawa, abin da aka ce tsayin gwiwa ya kai ƙirji. Rana ta huɗu ya taka turmi ya dira ciki, ya tsuguna, ya fara jawo bakin yana rufe sama. Zara'u na miƙa curin laka, shi kuma yana ba ta labarin wani rumbu da ya gina a Mayahi, wai har daga Cake aka zo kallo.

Ita ta fara gani. Bakin rumbu daidai kafaɗar magini ake barinsa, don ta nan yake fita. Wannan kuwa faifai aka nufa, ga shi har ya wuce kafaɗa yana ƙara tsukewa.

"Maigida, wai ta ina..."

"Laka na ce ki miƙo, ba surutu ba."

To, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Zara'u ta haɗiye maganarta, ta zaɓi curi mai kyau ta miƙa, ta ƙara wani. Wallahi daɗi ta ji har cikin ranta.

Da ya gama ya shafe bakin da ruwa, ya ce, "Kin ga aiki?" Sai ya shiga neman hanyar fita. Ta ji ya juya, ya sake juyawa. Can sai ga yatsun ƙafarsa sun leƙo ta ƙofar kaza.

"Zara'u."

"Na'am, maigida. In kawo laka?"

Ta zube a ƙasa tana dariya har da hawaye. Ta ce ya ture saman tun yana ɗanye, ya ce hannunsa bai taɓa rushe gininsa ba, ta bari ya yi tunani. Yana cikin tunanin nan suka ji moto, wato babur, ya tsaya ƙofar gida.

Abdussalamu ne, taubashin Ɗan Baba, ɗan kabu-kabu tsakanin Urafan da Tasawa. Wanda ya san wasan taubasai ya san ba a jin tausayi a cikinsa, ga shi Abdussalamu bakinsa ya fi motonsa gudu. Dariyar Zara'u ta ɗauke ɗif, tsoro ya kama ta. Ita ta so maigida ya ji kunya ne a gabanta ita kaɗai. In zancen ya kai tasha, ga kaka ta ƙarato, wa zai ba da rumbunsa ga maginin da ya gina kansa a akurki? Ta jawo tabarma ta yafa a kan bakin.

"Matarmu, ina wuni? Ina ragon mijin naki?"

"Lahiya lau. Yau ba ka sa'ar ganinshi."

"Ashe?" Abdussalamu ya zagaya akurkin yana sha'awa. Ya ga takalma a gindin turmi. Ya ga yatsu goma a bakin ƙofa suna ja da baya a hankali. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Ya ɗebi gero a ƙwarya ya ce, "Akurki ba a sanin kyanshi sai masu shi sun shiga." Ya watsa ta ƙofar, daidai kan yatsun.

Ƴan tsaki sha takwas da iyayensu suka ruga ciki. Ɗan Baba ya daure, a gaishe shi, ya daure har aka yi kamar minti guda. Sai da jar kazar ta samu babban yatsa aka ji daga cikin laka, "Kai! Kur! Allah ya isa, Abdussalamu!"

Abdussalamu ya riƙe ciki, ya zaro salula zai ɗauki hoto. Zara'u ta sha gabansa.

"Don girman Allah, mai da ta aljihu. Mi kake so?"

"Shida. Masu ƙiba."

Zuciyarta ta yi zafi, don kowane ɗan tsako ta san shi da kamanninsa. Amma ta durƙusa ta zaɓo shida ta sa a kwali, ta sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa abin da ya gani ba. Ya rantse, ya ɗaure kwalin a bayan moto ya tafi yana fito. Ita kuma ta ɗauko taɓarya ta fasa saman akurkin da hannunta, don kada a ce magini ya rushe gininsa. Ɗan Baba ya fito da laka a ka, bai iya kallonta ba.

Abdussalamu ya cika alkawari. Washegari ya bi tasha da kasuwa da kwalinsa, duk wanda ya tambayi ina ya samu tsaki sai ya ce, "Zara'u ta ba ni, don kar in faɗi abin da na gani cikin akurkinta. Kuma ba ni faɗi, na rantse."

Kafin azahar gidan ya cika da masu zuwa gaisuwa, kowa ya gaisa sai ya ratse ya leƙa. A daɓen ciki ga sawun ƙafa biyu, ga kuma wani faffaɗan shatin zama da ba na kaza ba. Ɗan Baba ya shige ɗaki ya ce zazzaɓi yake yi.

Can sai ga tsoho Yusufu, wanda ya ba shi aikin rumbun bana. Tsohon ya daɗe yana leƙen akurkin, ya shafa bangon ciki, ya gyaɗa kai, sannan ya matsa bakin ɗaki ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ɗan Baba, shafe ya yi kyau. Rumbuna kai za ka gina. Amma da igiya a ƙugunka za ka shiga, ɗaya bakin kuma a hannun Zara'u."