Wayon Gwamna

A Madarumfa an sha ganin masu wayo, amma irin Gwamna sai an tona. Manomi ne mai baki, wanda in ya faɗi magana yakan waiga ya ga wa ya yaba.

Shekarar da masu lambar tarin fuka suka zo daga Maraɗi, lokotoro, wato likita, ya tara mutane a ƙofar fada ya yi bayani. Ya ce ƙwayar cutar ce aka kashe mata ƙarfi, ana sa kaɗan a dantse don jiki ya san ta tun kafin ta zo da gaske.

Gwamna ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ku ji mini! A sa ma ɗiyata cuta don kar ta yi cuta? Wagga dabara ta kai yara makarantar lakwal ce, ni ba a yi mini ita."

'Ya ɗaya gare shi, Uwani, ba ta ko fara famfara ba. Maƙwabta suka ɓoye nasu 'ya'yan a rumbu, dogarai suka zaƙulo su aka yi musu lambar. Shi kuwa gwanin ya gano ɗakin da ba mai leƙawa: na yayarsa Marka, wadda ta daɗe tana tari har da jini, ana ajiye mata tuwo a bakin ƙofa. Can ya tura yarinyar ya ja asabari. Matarsa Hajara ta roƙe shi, ya ce mace ba ta san duniya ba.

Uwani ta kwana tabarma ɗaya da goggonta har masu lamba suka tashi. Gwamna ya bi kasuwa yana ba da labari, kai har garin Safo sai da aka ji. Ni dai ban taɓa jin wauta ta sha tafi haka ba.

Marka ta rasu da kaka. Kafin damina Uwani ta fara tari, ta rame, wuya kamar kara.

Sai ga mai wayo a kan jaki, 'ya a gaba, Hajara na biye, har Maraɗi. Ya durƙusa gaban lokotoro.

"A yi mata lambar yanzu, na yarda."

Lokotoro ya saurari ƙirjin yarinyar, ya girgiza kai.

"Lamba kafin cuta ake yin ta, baba. Ina take ranar da munka zo?"



Hajara ta goya 'yarta, ta dubi Gwamna ta ce, "Gaya mishi mana. Ai ka gaya ma kowa."