Ruwan Farko a Bahon Tarwada

Mudathir ya daɗe riƙe da wuƙar kafin ya yanka namijin tarwadar. Haka sana'ar ƙyanƙyasar kifi ta gada, ba a samun ruwan namiji da za a haɗa da ƙwan mace sai an farke cikinsa. Wannan kuwa shi ne namiji na ƙarshe cikin irin da mahaifinsa ya bari a bayan gidansu na Fadaman Mada, irin da marigayin ya yi shekaru yana zaɓa yana warewa. In ƙwan nan bai yi ba, irin Baba ya ƙare ke nan.

Shi ya sa ma ya ƙi ruwan rijiya. Ruwan farkon damina ya tara daga indararo, domin tun yana ƙarami yake jin tsofaffi na cewa babu ruwa mai albarka kamarsa. Ya tace da ƙyalle, ya yi bisimilla, ya shimfiɗa ƙwan a kan raga cikin baho.

Washegari da hantsi 'ya'yan suka fara fitowa, sirara kamar gashin ido. Sai dai ba sa wutsil-wutsil ɗin da ya saba gani. Wasu a tanƙware suke, wasu sun kwanta a gindin baho.

Kamsi, 'yar masu shagon maganin da ke haya a gidan, tana karatun halittun ruwa a jami'ar da ke Gubi. Ta leƙo da tsokanar da ta saba, wai ina Sarkin Ruwan da bai iya iyo ba. Da ta ga fuskarsa sai ta duba cikin bahon. Ta koma ɗaki ta ɗauko wata 'yar takardar gwaji, ta tsoma, launinta ya juya.

"Yaya Mudathir, ruwan nan ya yi tsami."

Ya ɗiba ya ɗanɗana, bai ji komai ba. Ta ce ai harshen mutum ba ya ji, jikin jaririn kifi ne ke ji. Ruwan farko shi ke wanko hayaƙin janareta da na motoci daga sama, ya haɗo da dattin kwanon rufi.

Suna jan ruwan rijiya suna sirkawa a hankali, ta ce masa ko teku, duk girmansa, haka yake shan hayaƙin duniya yana ƙara tsami. Akwai wata halitta a ƙarƙashinsa, kokwambar teku, mai kama da ƙatuwar tsutsa, tana kwance tana tsabtace yashi. Manyan kan jure. Amma 'ya'yan, da ruwan ya ɗan canza, sai girmansu ya ja baya, 'yan ƙasusuwan cikin fatarsu su ƙi ƙulluwa sosai.

Mudathir bai taɓa ganin teku ba. Ya tsaya da guga a hannu.

"To su wa ke canza musu ruwa?"

Kamsi ta ce babu kowa.

Har la'asar yana durƙushe yana kwashe matattun da cokali. Mahaifiyarsa, Inna Jannatu, ta fito ta tsaya a kansa. Shi ne ya nuna mata kusurwar bahon, inda 'yan tsiraru suka taru suna motsi, ba su fi cikin tafin hannu ba. Ko akwai namiji a cikinsu, sai baɗi za a sani.

Ta ce Allah ya raya, ta tura masa kujera da ƙafa ya zauna.