Sunan da Inna Hassana Ba Ta Kira

Duk Gashuwa an san Malam Mudi da surutu. Malamin Turanci ne a sakandare, irin mutumin da in ka kuskura ka gaishe shi a hanyar masallaci, to ka yi sallama da jam'i. Wannan bakin nasa ne ya samo masa aikin tafinta lokacin da wani kwamitin lauyoyi na haɗin gwiwar ƙasashen Turai da na Afirka ta Yamma ya sauka a garin. Sun zo tattara sunayen mutanen da aka kwashe bayan wani rikici a kasuwar shanu, aka tsare su shekara biyu ba a kai su gaban alƙali ba. Duk wanda sunansa ya shiga takardar kwamitin, za a nemo shi inda yake, a ba shi lauya.

Ƙa'idarsu biyu ce, kuma ba sa wasa da su. Sai uwa ko uba, ko mata ko ɗa ne zai ba da bayani, sannan sai ya faɗi sunan wanda ake tsare da shi da bakinsa. Sun ce a wata ƙasa an taɓa cika musu takarda da sunayen ƙarya, shi ya sa suka tsaurara.

An haɗa Mudi da wata lauya Baturiya, Madam Karin, doguwa, mai haƙuri da zafin Gashuwa amma marar haƙuri da dogon zance. Kwana biyun farko Mudi ya saki baki son ransa. Mutum ya yi magana ɗaya, shi ya fassara goma, har da tarihin kakan mai maganar. A safiyar rana ta uku ta ajiye biro, ta dube shi a gaban direba da masu gadi.

"Mista Mudi, abin da suka faɗa nake so, ba abin da kai ka sani ba. Kar ka ƙara, kar ka rage."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma abin ya yi masa ciwo. Shi da ya shekara ashirin yana koyar da Turanci, a gwale shi a gaban direba! Ya haɗiye maganar, ya ce a ransa: to shi ke nan, yau za ki ga fassara.

Bayan azahar wata Bafulatana ta shigo, siririya, ta manyanta, ƙafafunta duk taɓon damina. Hassana sunanta, daga wata ruga a bayan Kumagannam. Mijinta ya rasu, ita kaɗai ta biyo motar kasuwa. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa.

"Sannu Inna," in ji Mudi. "Wa kika zo nema?"

"Wani yaro ne na rugarmu. Shanu ya kai kasuwa, bai dawo ba."

Madam Karin ta ce a tambaye ta ko ɗanta ne. Hassana ta juya fuska wajen bango, ta ja gefen mayafinta.

"Ɗan mutane ne dai. A gidanmu ya tashi."

"Mene ne sunansa?"

"Wancan ɗin. Dogo ne, yana da tabo a haɓa."

Nan take Mudi ya gane. Yo ina zai kasa ganewa? Shi kansa ɗan fari ne, uwarsa kuma Bafulatana ce, ta rayu ta mutu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cewa "ɗana" a gaban mutane ba. "Kai wannan" take ce masa, ko da zazzaɓi ya kwantar da shi tana jiƙa masa goshi. Kunyar ɗan fari ke nan. Ya kuma san maganin abin, don ko ma'aikatan asibiti sun san shi: ka jero mata sunaye ɗaya bayan ɗaya, in ka zo kan na gaskiya ta sunkuyar da kai. Da ya yi wa Baturiyar bayani a jimla biyu, da ta samo hanya.

Amma maganar safe tana nan tana cin ransa. Ya gyara zama, ya fassara kalma da kalma, tsaf, da Turancinsa mafi kyau: ta ce ɗan mutane ne, ta ce sunansa wancan.

Madam Karin ta sake tambaya, ta kuma sakewa, da murya mai taushi. Amsa ba ta canja ba. Ta dubi Mudi kamar tana jiran wani abu, shi kuwa ya zuba wa fankar sama ido. A ƙarshe ta ce a ba wa baiwar Allah haƙuri, ta je ta turo iyayen yaron kafin jibi. Wannan ma ya fassara shi daidai. Hassana ta dube shi, shi ɗin, ba Baturiyar ba. Sannan ta tashi ta yi godiya ta fita.

Ya so ya bi ta. Wallahi ya so. Sai dai layi yana da tsawo, ya ce bari ya sallami mutum ɗaya tukuna, ɗaya ya zama goma. Da ya fito, motar Kumagannam ta daɗe da tashi. Bayan kwana biyu kwamitin ya naɗe takardunsa ya wuce.

Wata huɗu Mudi yana fama da abin. Surutunsa ya ragu har matarsa Rahima ta fara tambayar ko haƙori ke damunsa. Yakan gaya wa kansa cewa ƙa'ida ya bi, ai Madam Karin ce ta ce kar a ƙara. Hujjar takan riƙe shi daga safe zuwa la'asar, daga nan ta sake shi. Ya san ba ƙa'ida ya bi ba, fushi ya bi, kuma wata tsohuwa ce da ba ta san hawa ba ta san sauka ba ta kwashi fushin.

Aikin kwamitin kuwa ya yi albarka. Kotu ta saki mutum ashirin da shida, aka ce za a kawo su Nguru a miƙa wa danginsu. Aka kira Mudi ya fassara jawabin rufe aiki da Madam Karin ta aiko, don ita ta koma ƙasarsu, wa'adin haɗin gwiwar ya ƙare. Ya sa babbar riga ya tafi.

Filin ya cika. Bas ta tsaya, mutane suka dinga saukowa, ramammu, ana guɗa ana kuka. Can gefe, a gindin wata bishiyar maina, ya hango Hassana da ƙwaryar nono a lulluɓe da faifai. Ba wanda ya gaya mata ba a rubuta sunan ɗanta ba. Tana kallon ƙofar bas ɗin har direba ya rufe ta.

Wani daga cikin waɗanda aka saki, Zakir, ɗan unguwar su Mudi, ya riƙe masa hannu yana sa masa albarka. Sai ya ce, "Malam, akwai wani Bafulatani da muka baro, mai tabo a haɓa. Ranar da lauyoyi suka zo kiran suna, ya tsaya a bakin ƙofa har aka gama. Cewa yake uwarsa ba za ta ƙi zuwa ba."

Mudi bai san lokacin da ƙafafunsa suka kai shi gindin mainar ba. Ya durƙusa da babbar rigarsa a cikin ƙasa.

"Inna, ranar nan na gane. Na san ɗanki ne, na yi shiru. Laifina ne, ba na Baturiyar ba."

"Na san ka gane," in ji ta. "Na ga idonka. Kai ma na fari ne, ko?"

Ya gyaɗa kai.

Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta dubi taron, maza da mata, ga dattawan Fulani nan kusa suna ji. Sai ta ɗaga murya, yadda ake kiran yaro daga bakin ruga.

"Muhammadu Auwalu. Ɗana ne, ni na haife shi. Muhammadu Auwalu. Rubuta, Malam."

Dattawan suka sunkuyar da kai. Mudi ya laluba aljihu ya zaro biro. Takardar kwamiti babu ita, an rufe ta, tana can wata ƙasa. Abin da ke hannunsa kawai jawabin rufe aikin da zai fassara ne. Ya juya bayan takardar ya rubuta sunan.

"Ka rubuta?"

"Na rubuta, Inna."

"To, yaushe za su kawo shi?"

A can gaba mai lasifika yana ta kiran tafinta ya fito, ana jiransa. Malam Mudi, mai bakin da duk Gashuwa ta sani, ya buɗe baki bai sami abin faɗa ba.