Dami Takwas na Mati

Shekara goma sha bakwai Mati yana riƙe da garmar shanun Alhaji Dallatu, a wani ƙauye tsakanin Bici da Tsanyawa, kuma duk kaka ladansa ɗaya ne: damin dawa goma sha biyu, ban da ɗan abin cefane da ake miƙa masa ranar kasuwa. Ba a taɓa rubuta wannan a takarda ba. Kowa dai ya sani.

Bara, bayan an gama girbi, babban ɗan Alhaji ya shawo kan mahaifinsa aka sayar da shanun, aka koma hayar tarakta. Alhaji bai sallami Mati ba. Ya kira shi zaure, ya ce daga yanzu ya koma bakin dam ɗin Watari ya riƙa gadin lambu da injin ban-ruwa. Mati ya ce to. Iyakar maganar da aka yi ke nan, aka sha fura aka watse.

Sabon aikin ba shi da wahala. Mati yakan tayar da inji da safe, ya kori awaki, sauran yinin kuma ya zauna gindin mangwaro yana sauraren rediyo. Cikin wata uku wuyansa ya yi kauri, har matarsa Rahmatu ta fara kiransa ranka ya daɗe manaja, tana tambaya ko a kawo masa ruwan wankin hannu a buta ko a tasa.

Saura mako guda a fara yankan dawa, suna dawowa daga masallacin Juma'a, Alhaji ya rage sauri har Mati ya iso shi. Ya yi ta zancen tsadar taki da kuɗin tarakta, idonsa na kan wata kuka da ke can nesa, sannan ya ce tunda aikin bana na zama ne, dami takwas zai bayar. Mati ya sake cewa to, don bakinsa ya riga ya saba.

Sai da ya isa gida maganar ta sauka masa. Dami huɗun nan da aka cire su ne abincin gidansa daga faɗuwar ruwan farko zuwa nunar gero, watannin da in ka ƙwanƙwasa rumbu sai ya amsa maka. Rahmatu ta saurare shi tana tankaɗe, ta ce ai ba laifi, sai manaja ya riƙa raba wa yara iskar Watari da labaran rediyo.

Washegari ya tafi wajen Malam Khalilu, limamin unguwarsu, ya tambaye shi ko ya halatta maigida ya rage wa mutum lada don ya canja masa aiki. Malam ya ce in an yi sabuwar magana kafin a fara sabon aikin, kuma ma'aikaci ya yarda, babu laifi. In kuwa sai da aka gama aikin aka zo da ragi, to da sauran magana. Ya tambayi Mati me suka ce game da lada ranar da aka tura shi Watari. Mati ya ce ba su ce komai ba.

"To ku biyun kun yi shiru," in ji Malam, "kowa ya ji abin da yake so a cikin shirun."

Mati ya fito da wannan a ransa yana juya shi. Shi dai ya san bai yi gumin da yake yi a da ba. Amma ba shi ya sayar da shanun ba, kuma da an gaya masa tun farko, da ya nemi ƙwadago a gonakin mutane da damina ya cike giɓin. Yanzu damina ta wuce.

Ranar ɗauri Alhaji ya aika aka ɗauko shi daga Watari, domin duk yankin babu mai ɗaure dami kamar Mati, kuma tarakta ba ta iya wannan ba. Ya fara da na Alhaji, kowanne daidai da ɗan'uwansa kamar an auna. Da la'asar ya zo kan nasa. Ya jera zangarniya har inda ake tsayawa, ya kai hannu ga igiya, sai ya tuna Alhaji takwas ya ce, bai faɗi girmansu ba. Ya ƙara runguma ɗaya. Ya duba gabas da yamma, ya ƙara wata. Igiya ta kasa zagayewa, ya ƙulla biyu.

Yana yi yana shari'a da kansa. In shirun Alhaji ya ba shi damar ragewa, me zai hana nasa shirun ya ba shi damar ƙarawa? Hujjar ta yi masa kyau a kai, amma ya lura duk lokacin da wani ya gifta sai ya juya wa damin baya ya tsaya yana gyaran hula, kuma bai taɓa yin haka a gonar nan ba.

Ɗanliti mai amalanke, wanda aka ɗauka ya kai dawar gida, ya zo ya zagaya su sau biyu, ya ce shi da aka ce masa dami zai ɗauka, ba a gaya masa da bukkoki a ciki ba. Yana cikin dariya Alhaji ya iso da sandarsa. Ya dubi nasa dammunan, ya dubi takwas ɗin nan da ke gefe, ya daɗe yana dubawa.

"Mati, waɗannan su ma gadi suka yi a Watari?"

Mati ya sunkuyar da kai ya ce takwas ne, Alhaji, a ƙirga. Alhaji ya ce ya gani, takwas ne cif, kuma ba zai janye maganarsa ba. Sai dai amalanke ba za ta shigo ba saboda waken maƙwabta bai gama bushewa ba, don haka kowa ya ɗauki nasa a ka zuwa burtali kamar yadda aka saba. Ya nemi kututture ya zauna.

Mati ya naɗa gammo. Ɗanliti ya kama gefe ɗaya, suka yi bismilla, damin ya tashi har gwiwa ya koma. Suka sake, ya kai ƙirji, Mati ya yi taku biyu da baya ya zauna a kan kunya da damin a cinyarsa. Alhaji ya ce a bi a hankali, kada a ɓata masa maigadi.

Babu yadda za a yi sai kwancewa. A gaban Alhaji Mati ya warware su ɗaya bayan ɗaya, ya sake ɗaurewa daidai yadda kai ke ɗauka, kuma hannunsa bai yarda ya yi ƙarya a karo na biyu ba. Ɗanliti yana ƙirgawa da ƙarfi. Da aka gama, goma sha uku suka fito.

Alhaji ya ce ashe ba gyaran ragi aka yi ba, ƙarin girma aka yi wa kai. Mati ya ja na sha ukun ya kai shi cikin na Alhaji, ya dawo ya kama na sha biyun zai ja, ya san daga nan sai na sha ɗaya, har a koma takwas.

"Bar shi nan," in ji Alhaji. Ya tona ƙasa da sanda. "Tun ranar zaure na yanke takwas a raina. Nauyinka na ji, na bari sai da ka gama aikin. Ban kyauta ba."

"Ni ma na so in tambaya, Alhaji. Tsoron amsar na ji."

Alhaji ya ce to bana sha biyu, amma na baɗi yanzu za a yanke shi, ga Ɗanliti shaida, kuma a dami irin wanda mutum ɗaya ke ɗauka. Ya ce tara. Mati ya buɗe baki zai ce to, ya kama kansa, ya ce sha ɗaya, domin ɓarayin inji ba sa tsoron mai cin dami tara. Alhaji ya ce wane ɓarawo, shi da aka ce har minshari ake ji daga gindin mangwaro.

Ɗanliti ya ce in sun daidaita su kira shi, shanunsa na jin ƙishirwa. Mati ya gyara gammo, ya ɗora dami na farko a ka, ya nufi burtali, Alhaji na biye da shi yana cewa tara da rabi.