Fenti a Kan Tukwanen Gas

Mai walda ya ɗaga ƙofar shagonsa, sai ya tsaya cak. Komai ya koma kore: bango, benci, har tukwanen gas ɗin da ke jingine a lungu.

Ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Auta, ya biyo shi ciki yana washe baki. Shi aka bar wa makulli lokacin da zazzaɓi ya kwantar da mai walda.

"Yaya, ka ga aiki? Ko sisi ban taɓa maka ba."

Mai walda ya shafa wuyan wata tukunya. Sumul.

"Ina takardun da ke manne a nan?"

"Waɗannan tsummokaran? Na kankare su. Fenti ba ya kama takarda."

Ran mai walda ya ɓaci. Gajeruwar tukunyar da ke cikinsu dai ya gane ta. Amma dogayen nan kamar tagwaye suke, wasu oksijin, wasu wata iskar daban, ga shi ɗan albarkan ya jera su bisa tsawo don a ga kyau. Har bakinsu ya lafta wa fentin mai, alhali oksijin da maiƙo in suka haɗu wuta ce. Kuma yau ya yi wa mai gidan burodi alkawarin gyara ƙofar tanda, mutumin da aikinsa ke riƙe da shagon.

"A buɗe a shinshina mana," in ji Auta.

"Ba ta da wari."

"To a kara ashana."

Mai walda ya dube shi, ya tuna ƙanin uwar 'ya'yansa ne, ya haɗiye abin da ya zo bakinsa.

"Mayar da hannunka aljihu. Kamfani za a mai da su duka."

Ana haka mai gidan burodi ya iso. Ya saurari bayani yana duban agogo.

"Ka ɗauki ɗaya ka gwada mana, maigida."

"Ba na canki-canka da wuta."

"To tanda ba ta jira. Zan kai wa mai waldan bakin tasha."

Ya juya zai fita, sai ya ɗaga kai ya ƙare wa bangon kallo.

"Wa ya yi maka wannan fentin?"

Auta ya gyara tsayuwa.

"Zo mu je ka ga gidan burodina," in ji mutumin.